Motocin salun da suka fi kyan ƙira a tarihi, da yadda jif ke neman binne su

A ƙarshen 2024 kamfanin General Motors na Amurka ya ƙera motar Chevrolet Malibu ta ƙarshe, sunan da ya fara fita kasuwa tun 1964. A shekarar ce kuma kamfanin Jaguar na Ingila ya rufe layin ƙera motocinsa samfurin XE da XF. Kafin su, Ford ya sanar tun 2018 cewa zai janye daga sayar da salun a kasuwar Amurka, ya kuma cika alkawari da dakatar da Fusion a 2020, sannan ya bi da Mondeo a Turai a 2022. Ita kanta Toyota Camry an daina sayar da ita a Japan, ƙasar da aka haife ta, a ƙarshen 2023.

Duk waɗannan motoci jinsi ɗaya ne, wato salun: mota mai ƙofa huɗu da aka raba gida uku, gaba injin, tsakiya mazaunin mutane, baya kuma but na kaya. Wannan siffa ce ta yi kusan shekara 70 tana mulkin titunan duniya. Yanzu jif ce ke cin kasuwarta. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2023 kashi 48 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a duniya jif ne.

Wannan ya sa masu sha'awar motoci suka koma ga tsohuwar muhawararsu: wace salun ce ta fi kowace kyau a tarihi? Kyau dai a ido yake, kowa da gwaninsa. Amma akwai 'yan sunaye da ba sa faɗuwa daga kowane jeri, kuma dalilin zamansu a jerin yana bayyana abin da ake shirin rasawa.

Citroën DS: motar da ta zo kafin lokacinta

A baje-kolin motoci na birnin Paris a watan Oktoban 1955, kamfanin Citroën ya yaye lulluɓin DS. A ranar farko kaɗai mutum 12,000 suka ba da oda. Wanda ya zana jikinta, Flaminio Bertoni, ɗan Italiya ne masassaƙin mutum-mutumi. Injiniyan da ya tsara ta kuwa, André Lefèbvre, daga harkar jiragen sama ya fito. Hannun kowannensu ya bayyana a jikin motar: gabanta ya zubo ƙasa kamar bakin kifi, bayanta ya tsuke, tayoyin baya sun ɓuya a cikin bodi, fitilun ba da hannu na baya kuma suna can sama a kusurwar rufi.

A maimakon sifirin na ƙarfe, DS tana zaune ne a kan mai da iskar gas da aka matse. Idan aka tayar da injin sai ta miƙe a hankali kamar raƙumi, kuma direba na iya ɗaga ta idan hanya ta lalace. Ranar 22 ga Agustan 1962 'yan bindiga suka buɗe wa motar Shugaba Charles de Gaulle wuta a Petit-Clamart da ke wajen Paris. Harsasai sun fasa tayoyi, amma direban ya iya riƙe motar ya fice da gudu, kuma an danganta hakan da wannan tsari na ƙafafunta. An ƙera DS kusan miliyan ɗaya da rabi kafin a dakatar da ita a 1975. A 2009 mujallar Classic & Sports Car ta tambayi fitattun masu zanen motoci ra'ayinsu, DS ce ta zo ta ɗaya.

Jaguar XJ6 da Lincoln Continental

A 1968 Jaguar ya fito da XJ6, salun ta ƙarshe da mai kamfanin, Sir William Lyons, ya tsaya a kan zanenta da kansa. Sirrinta shi ne ƙasa-ƙasa da take, ga faɗi, ga siraran ginshiƙan rufi, gilashi ya kewaye ta ta ko'ina. Ko a tsaye take sai ka ce tana shirin zabura. Sai dai waɗanda aka ƙera a shekarun 1970, lokacin da kamfanin ke ƙarƙashin British Leyland, sun yi suna wajen matsalar waya da yawan zuwa gareji. Da yawa daga masu ita sun gane cewa kyan ɗan maciji suka saya.

A Amurka kuwa, Lincoln Continental ta 1961 ta yi suna ne saboda abin da mai zanenta, Elwood Engel, ya cire. A lokacin motocin Amurka cike suke da ƙyale-ƙyalen ƙarfe da dogayen fukafukai a baya. Shi sai ya kawo bodi miƙaƙƙe, sumul, da ƙofofin baya masu buɗewa ta baya kamar ƙyauren zaure. A cikin wata doguwar Continental ta wannan shekara aka harbe Shugaba John Kennedy a Dallas a 1963.

Marsandin Bruno Sacco

Bruno Sacco, ɗan Italiya da ya shugabanci sashen zane na Mercedes-Benz daga 1975 zuwa 1999, ya rasu a watan Satumban 2024 yana da shekara 90. A ƙarƙashinsa aka fito da babbar W126 a 1979, da ƙaramar 190 a 1982, da W124 a 1984, wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa V-Boot saboda yankan marfin but ɗinta.

Aƙidar Sacco ita ce kada sabuwar Marsandi ta sa wadda ta gabace ta ta zama tsohon yayi. A lissafinsa, daga ranar da aka fara zana mota zuwa ranar da ta ƙarshe za ta bar titi, ana maganar shekara 30 ne, don haka duk adon da zai gundiri ido cikin shekara biyar ba shi da gurbi. Shi ya sa har yau idan aka wanke V-Boot aka ajiye ta kusa da motar bana ba ta jin kunya. Yayarsu W123, da aka ƙera kusan miliyan 2.7 tsakanin 1976 da 1986, ta yi shekaru tana aikin tasi tsakanin garuruwan Maroko.

Peugeot 504: wadda ta zama 'yar gida

Duk wanda ya tashi a Arewa a shekarun 1980 da 1990 ba ya buƙatar a kwatanta masa Fijo. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne jikin 504 ya fito ne daga gidan zane na Pininfarina da ke Turin a Italiya, gidan da ya yi shekaru yana zana wa Ferrari motoci. Ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Fitilunta masu kusurwa da but ɗinta da ya karye ya gangara su ne tambarinta, ana gane ta daga nesa ko da almuru.

Kyan 504 ya haɗu da ƙarko. Tana da tazara daga ƙasa, ƙafafunta na shanye gargada, kuma makanikin ƙauye na iya kwance injinta ya mayar. Ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har 2006. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun 1976 a cikin baƙar Marsandinsa, wadda ke ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, gwamnatin soja ta Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, Peugeot ta zama motar manyan jami'an gwamnati. An yi zamanin da babban sakatare da direban tasha ke hawa mota iri ɗaya, ƙirar gida.

Me ya sa ba a ƙera irinsu yanzu?

Dalili na farko kuɗi ne. Yawancin ƙananan jif na zamani a kan ƙashin salun ake gina su, injin ɗaya, giya ɗaya, amma ana sayar da su da tsada, don haka ribar kamfani ta fi yawa. A Amurka ma doka ta taimaka: ƙa'idojin shan mai sun fi sassauci ga motocin da aka sa a rukunin ƙananan motocin ɗaukar kaya, kuma jif da yawa a nan suke faɗawa. Masu saye su ma suna son zama a sama, suna hangen hanya, ga sauƙin shiga da fita ga dattijai da masu ɗaukar yara.

Dalili na biyu kariyar rai ne, kuma a nan dole a yi wa motocin zamani adalci. Siraran ginshiƙan da suka ƙawata XJ6 ba za su riƙe rufi ba idan mota ta wuntsila. Yau ginshiƙi dole ya yi kauri, ya kuma ɗauki jakar iska. Dokokin Turai na kare masu tafiya a ƙasa sun sa ana barin tazara tsakanin injin da marfinsa, abin da ya ɗaga goshin mota, gefenta ya bi shi, gilashi ya ƙanƙance. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka, IIHS, ta yi karon gwaji tsakanin Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009. Mazaunin direban tsohuwar ya murƙushe, na sabuwar ya tsaya. Duk mai kewar tsohon zane ya riƙa tuna wannan.

Sai dai komawa jif na da nasa farashin. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce jif ta fi matsakaiciyar mota nauyi da kilo 200 zuwa 300, kuma hayaƙin da take fitarwa ya fi da kusan kashi 20 cikin 100. Wani binciken IIHS na 2023 ya gano cewa motar da tsayin goshinta ya wuce inci 40 ta fi yiwuwar kashe mutumin da ta buge da kusan kashi 45 cikin 100, idan aka kwatanta da mai goshi ƙasa-ƙasa. Salun kan ɗebi mutum ta ƙafa ya faɗa kan marfin injin, jif kuwa a ƙirji take dukansa. A watan Fabrairun 2024 mazauna Paris suka kaɗa ƙuri'ar ninka kuɗin ajiye manyan motoci masu nauyi har sau uku ga baƙin da ke shiga birnin.

Inda abin ya shafe mu

Yawancin motocin da ke titunan Kano da Kaduna da Abuja na hannu ne, kuma kaso mai yawa daga Amurka ake shigo da su. Abin da Amurkawa suka saya sabo bana shi ne zai cika wuraren dillalanmu nan da shekara takwas ko goma. Salun ɗin da muka raɗa wa sunaye, irin su Honda Hala da End of Discussion da Camry Muscle, sun zo da araha ne saboda an ƙera su da yawa a can. Idan adadinsu ya ragu, farashin na hannu zai tashi, ma'aikaci mai matsakaicin albashi kuma zai tarar da zaɓin da ya rage masa shi ne mota mai nauyi da shan mai. Wannan na zuwa ne bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya kai lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 1,000 a ƙarshen 2024.

Toyota da Honda ba su daina ƙera Camry da Accord a Amurka ba, amma Camry ta 2025 duk mai haɗin fetur da batir ce. Makanikai da masu sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa da Panteka suna da 'yan shekaru kaɗan su koyi aikin batir kafin waɗannan motoci su iso da yawa.

Akwai kuma batun hanya. A ƙarshen 2023, da aka soki Majalisar Tarayya kan sayen manyan jif na ƙasar waje ga mambobinta, ɗaya daga cikin hujjojin da aka bayar ita ce hanyoyin ƙasar sun lalace, ƙaramar mota ba za ta jure ba. Waɗanda ke amincewa da kasafin gyaran hanya sun sayi abin da zai tsallakar da su ramuka, talaka kuma da ke tafe a gefen titin da babu wurin masu ƙafa shi ne zai haɗu da dogon goshin motar.

Lantarki na iya dawo da ita

Wani abin mamaki shi ne motocin lantarki sun sake buɗe wa salun ƙofa. A kan babbar hanya, iska ce babbar abokiyar gabar batir, kuma mota ƙasa-ƙasa mai santsin jiki ta fi doguwa nisan zango da caji ɗaya. Shi ya sa Tesla Model S da Mercedes EQS da Hyundai Ioniq 6 duk suka fito da baya mai gangara, darasin da Lefèbvre ya kawo daga jiragen sama tun 1955. A China, inda har yanzu salun ke da kasuwa, kamfanin waya na Xiaomi ya shiga harkar mota a 2024 da salun mai suna SU7. Shugaban sashen zane na BYD kuwa, Wolfgang Egger, tsohon ma'aikacin Alfa Romeo da Audi ne.

Ke nan mai yiwuwa salun ta gaba da za a yi muhawara a kan kyanta daga China za ta fito. Ko za ta yi farin jini a nan irin na 504, ya danganta da abubuwan da ke hannun gwamnatocinmu: wutar da za a yi caji da ita, kwalta mai kyau da mota ƙasa-ƙasa za ta bi, da kuma ko hukumomi za su koma sayen abin da ake harhaɗawa a Kaduna kamar yadda aka yi a da.