Obin Ɗin Bango A Kicin Ɗin Amarya: A Tsaya A Yi Lissafi Tukuna



Tunda lokacin bukukuwa ya kankama, akwai maganar da nake so mu duba, musamman mu iyaye mata masu haɗa kayan ɗaki. Maganar obin ɗin nan ce da ake cusawa cikin kabad ɗin kicin, irin wanda muke gani a hotunan gidajen Abuja a Instagram. Yanzu har a nan Kafanchan, in an je ganin ɗakin amarya sai an leƙa kicin an duba ko an saka shi, in babu a fito ana ƙus-ƙus.

Bara aka aurar da 'yar yayata. Uwar ta ɗauki adashi biyu ta haɗa, aka kawo obin na lantarki daga Kaduna, kafinta ya yi masa gida a bango, ranar jere kowa na ta ɗaukar hoto. Bayan wata bakwai na je gidan, na buɗe shi don in ga yadda yake aiki, sai na tarar da kuloli da robobi a jere a ciki. Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, sau biyu na taɓa kunna shi." Kek ɗin da ta kai wa surukarta da Sallah a tukunya da yashi ta gasa shi a kan kurfoti, kamar yadda muka taso muna yi. Har yau uwar ba ta gama zubin adashin ba.

Ba wai kayan ba shi da kyau ba ne. Wutarmu ce ba ta dace da shi ba. Obin na lantarki irin na bango yakan ja wat 2,000 zuwa sama da 3,000. Ƙaramin janaretan da ke yawancin gidajenmu bai kai wat 1,000 ba, ko kusa ba zai ɗauke shi ba, inbatar sola ta gida kuma ta fitila da fanka da firij ce. Kek kuwa ba ya jira. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar tashi, ya faɗi ke nan, an yi asarar ƙwai da bota da fulawa. In wutar ta zo ba ƙarfi, sai ya yi ta zama a ciki ya bushe bai gasu ba. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohin Arewa da dama suka kwashe kwanaki a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta.

Wanda ke samun wuta sosai ma yana da nasa lissafin. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit ɗaya na masu rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage amma bai sauka ƙasa da 200 ba. Obin mai wat 2,500 in ya yi awa ɗaya yana jan wuta da ƙarfinsa, yunit biyu da rabi ke nan, kusan naira 500. Wannan ba zai gagari mai sana'ar kek ba, domin za ta saka a farashi. Amma maigida mai mita zai fara kallon kicin da wani ido.

To sai a ce a sayi na gas. Lalle ya fi dacewa da mu, amma a nan ne na fi jin tsoro. Gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru. Na sha ganin an ɓoye silinda mai kilo 12.5 a cikin kabad a rufe ruf, don kar ta ɓata kwalliyar kicin, tiyon kuma ya bi ta bayan katako inda ba mai ganin ya tsage ko ɓera ya ci. Wannan ganganci ne da rayukan 'ya'yanmu. Silinda a waje take zama, a inuwa, inda iska ke ratsawa, a jawo bututu ta bango. Kuma a tambayi mai shago ko obin ɗin yana da na'urar da ke tsayar da gas da kanta in wutar ta mutu. In ya fara kame-kame, a bar masa kayansa. A kuma tambaya ko yana kunnuwa in babu lantarki, domin da yawa daga na bango, duk da na gas ne, da lantarki suke tayar da wuta da juya fankar da ke sanyaya jikinsu.

Masu sayen na hannu da aka shigo da shi daga waje su ƙara kula. Da yawa an saita su ne a kan gas ɗin bututu na Turai, sai an canza musu kawunan da gas ke fitowa kafin su yi daidai da na silinda. Na Amurka kuma girmansu daban ne da santimita 60 da aka saba yanka wa gurbi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar haya. Amare nawa ne a garin nan ake kai wa gidan mijinsu na kansa? Abin da aka gina a bango ba a ɗaukar sa a kai a sa a mota kamar gado. Ranar tashi ko dai a bar wa mai gida kabad ɗin kyauta, ko a ɓalle shi ya lalace. Sannan ga daminarmu ta Kudancin Kaduna, wadda ba irin ta Kano ko Katsina ba ce. Katakon nan na matsattsen gari da ake yin kabad da shi, in ya sha laima shekara biyu uku sai ya kumbura ya fara sakin kusa, ga shi yana ɗauke da ƙarfe mai nauyi da zafi. In kuma na'urar cikinsa ta lalace, sau da yawa sai an nemo kayan gyara daga Jos ko Kaduna ko Abuja.

Ban ce kowa ya guje shi ba. Yana da amfaninsa na gaske: yana daidai ƙirji, ba sai an durƙusa ba, wanda duk mai ciwon baya ko gwiwa ta san darajar hakan, kuma yaro mai rarrafe ba ya kai hannu ga ƙofarsa. Na lantarki mai fanka yana raba zafi daidai fiye da na gas, shi ya sa masu kek ɗin biki ke son sa. Wadda ke gidanta na kanta, tana da oda ta Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara, tana da babban janareta, ita kam kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Sai dai ta sayi obin ɗin tukuna kafin kafinta ya yanka katako, a bar masa sarari ta baya kamar yadda takardarsa ta nuna, kuma mai aikin wuta ya jawo masa waya mai kauri tasa shi kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta. Kar a soka shi a soket ɗaya da firij.

Amma ga amaryar da za a kai ɗaki biyu da falo na haya, ra'ayina shi ne a saya mata kuka mai tsayuwa da ƙafarta, mai kai huɗu da obin ɗin gas a ƙasa. Za ta dafa, za ta gasa, ko da wuta ko babu, ranar tashi kuma mutum biyu sun ɗaga ta. Rarar kuɗin a cika mata silinda, a ƙara mata ta biyu.

Ita 'yar yayar tawa, mijinta ya samu canjin wurin aiki zuwa Kachia, ƙarshen wata za su tashi. Jiya uwar ta kira ni tana tambaya ko na san mai sayen obin, sabo fil, an kunna sau biyu.