Gashi iya haɓa a Bengu: wuta biyu a kan kai ɗaya

Filin wannan sati ya bar Yamai da hayaniyarta, ya gangara Dandi, ya yada zango a Bengu, cikin gundumar Gaya ta jihar Doso. Gari ne na dankali da rake, a ƙasar giginya, a bakin kwarin Foga inda tun kaka da kakanni mata ke tace ƙasa suna dafa gishiri. Ga Kamba ta Najeriya a gefe guda, ga Malanbil ta Benin a tsallaken kogi. Garin da ke tsakanin kasuwanni irin waɗannan ba ya rasa sabon yayi, don kuwa yayi cikin buhun ɗan kasuwa yake tafiya. A cikin kayan da ke shigowa har da robobin man gashi da ƙarafan miƙar da shi, kuma a kansu maganar yau za ta tsaya.

Duk wanda ya san gidajen ma'aikata a ƙaramin gari ya san yadda jajibirin Salla yake. An gama tuyar cincin, murhun gawayi bai mutu ba. Uwargida ta zauna bisa kujera ƴar tsuguno, ta tsefe kitso, ta miƙa wa ƙanwarta waya mai ɗauke da hoton wata ƴar fim: gashi miƙaƙƙe, an yanke shi daidai haɓa, bakinsa ya lanƙwasa ciki. Ƙanwar ta tura mashacin ƙarfe cikin garwashi, ta ce: «Yaya, jiya fa kika sa man saki, ko a bari ya huta?» Uwargida ta ce: «Ke dai yi sauri, gobe Salla.» Da an ji ƙauri ya tashi, sai a ce ai haka yake yi. Bayan sati uku gashi ya soma bin mashaci yana zuba, a ɗora laifi a kan ruwan rijiya ko bakin mutane, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Wannan yanka da ake kwaikwayo ya yi shekara fiye da 100 a duniya. Wani mai gyaran gashi a birnin Paris, Antoine, ɗan asalin ƙasar Polan, shi ake danganta wa fito da shi a 1909, kuma cikin shekarun 1920 ya game Turai da Amurka. Masu jin Ingilishi na ce masa bob, Faransawa kuwa «carré», sunan da ke sa Bahaushe murmushi in ya ji shi. An ƙirƙire shi ne don gashin da ke kwanciya da kansa. Gashin ƴar Afirka kuwa a murɗe yake fitowa, saboda haka kafin ya tsaya iya haɓa, ya daidaita kamar an ja zare, sai an miƙar da shi tukuna. Hanyoyin miƙarwa biyu ne, ƙarfe mai zafi da man saki, kuma kowace wuta ce.

Mashacin ƙarfe shi ne ya riga. A Amurka, Madam C. J. Walker, baƙar fata wadda ta rasu a 1919, ta tara dukiya mai yawa da sayar da man gashi tare da koya wa mata aiki da mashaci mai zafi. Abin lura shi ne ba ta tsaya ga sayar da kaya ba, sai da ta horar da dubban mata yadda ake aikin. A Dandi kaya sun iso, horon ne ya maƙale a hanya.

Ga abin da ƙarfe ke yi. Zafi yana kwance murɗin gashi na ɗan lokaci, da ruwa ya taɓa shi sai ya koma yadda Allah ya halicce shi. Ƙarfen lantarki na zamani yana iya kaiwa digiri 230, alhali gashi na soma gasuwa tun kafin a kai nan. Masana na ba da shawarar kada a wuce wajen 180. Mashacin gawayi kuwa ba shi da ma'auni ko kaɗan. Dabarar tsofaffin masu sana'a ita ce a goga shi a farar takarda ko farin ƙyalle: in ya bar shaidar ƙuna, to abin da zai yi wa gashi ke nan, sai a jira ya huce. Sannan ba a ɗora ƙarfe a kan jiƙaƙƙen gashi. Ruwan da ke cikin silin gashi tafasa yake yi, ya kumbura shi daga ciki, silin ya karye a wurin. Wannan ƙarar «cuu» da wasu ke ɗauka alamar aiki na kyau, ƙarar ɓarna ce. A wanke kai, a bari ya bushe sarai, a shafa mai kaɗan, man kaɗe ko man kare zafi na kanti, a raba gashi kashi huɗu, a ɗauki ɗan tsagi siriri, a bi shi sau ɗaya, in ya yi yawa sau biyu. Mai in ya yi yawa narkewa yake yi ya gangara fatar kai da zafinsa. Tun a 1968 likitocin fata a Amurka suka bayyana wani irin sanƙo da ke farawa a tsakiyar kai, suka raɗa masa sunan mashaci mai zafi. Daga baya an gane cewa dalilansa sun fi ƙarfe yawa, har da gado, amma abu ɗaya bai canza ba: inda tabo ya rufe saiwar gashi, gashi ba ya sake tsirowa.

Yankan kansa ba aikin mutum ɗaya ba ne, don ba mai ganin ƙeyarsa. Sai gashi ya miƙe ya bushe ake sa almakashi, almakashi mai kaifi wanda ba a yanka leda ko atamfa da shi. Mai zaune ta miƙe wuya, mai yanka ta fara daga ƙeya, ta fitar da layi ɗaya, sauran gashi ya bi shi zuwa gefen kunnuwa, kuma a rage kaɗan-kaɗan, domin gashi santimita ɗaya kawai yake ƙaruwa a wata, ko fiye da haka da ɗan kaɗan. Lanƙwasar baki kuwa juya hannu ne zuwa ciki idan ƙarfe ya kai ƙarshen tsagi. Da dare a naɗe gashi kewaye da kai, a ɗaura kallabi mai santsi. Wannan naɗi shi ke hana komawa ga wuta kowace safiya.

To, a nan Bengu ta bambanta da Paris. Yankin Gaya shi ne mafi samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga laima, ga gumin bazara ƙarƙashin kallabi da hijabi. Ga kuma shafar kai a alwala, da wankan ibada wanda malaman Malikiyya suka ce dole ruwa ya kai ga tushen gashi. Gashin da aka miƙar da wuta ba ya jure wa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mace sai ta sami kanta tsakanin abu biyu marasa kyau: ko ta riƙa komawa ga ƙarfe kullum har gashi ya gasu, ko ta riƙa kaffa-kaffa da ruwa a inda addini bai yarda da kaffa-kaffa ba. Gashin kanti ma ba mafita ba ne ga mai jin maganar malamai, don sun hana ƙarin gashi. Wutar lantarki ita ma ba abin dogaro ba ce. An ga haka lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Waɗannan dalilai su ke tura mata ga hanya ta biyu.

Man saki, wanda a Yamai ake kira defirizan, a Kamba rilaksa, ba kwance murɗi yake yi na kwana biyu ba, tsinka ƙullin da ke riƙe da silin gashi yake yi har abada. Ƙarfin irinsa na asali daga soda yake, sodar nan da masu haɗa sabulu ke juyawa da dogon itace don gudun ta taɓa hannu. Akwai wanda aka rubuta wa cewa ba soda a ciki. Shi ma da wani sinadari mai kama da ita aka haɗa shi, yana ƙuna, yana kuma busar da gashi. Ƙa'idojinsa a rubuce suke cikin kwali: a shafe fatar kai da kunnuwa da basilin, a sa safar hannu, kada a sosa kai ko a tsefe kitso a sa a ranar, kada ya wuce mintin da aka rubuta, wanda galibi bai fi 15 zuwa 20 ba, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a wanke da sabulun da ke kashe kaifinsa. Ba a maimaitawa sai bayan sati 8 ko kusa da haka, kuma a kan sabon tsiro kaɗai. Zancen nan da ake yi cewa sai ya yi zafi yake kamawa, kuskure ne babba: raɗaɗi alama ce ta fata ta fara ci. Gashin da ya sha man saki kuwa ya riga ya raunana, ɗora masa ƙarfe washegari tamkar fama gyambo ne. A bar sati ɗaya ko biyu tsakani, kuma a rage zafi.

Akwai wani batu da ya fi zubar gashi nauyi. A watan Oktoba na 2022, cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin mata 33,497 na kusan shekara 11. An kiyasta cewa cikin waɗanda ba su taɓa amfani da man miƙar da gashi ba, kashi 1.64 cikin 100 za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70. Cikin masu amfani da shi fiye da sau huɗu a shekara kuwa, kashi 4.05. Binciken bai ce man ne ya haddasa ciwon kai tsaye ba, kuma ciwon ba mai yawa ba ne. Amma fatar da ta ƙone ƙofa ce a buɗe ga duk abin da aka shafa mata, wannan kuwa ya isa dalilin rage yawan sawa, da kuma nisanta shi daga kan yara. Ɗiya ƴar shekara shida ba ta da bukatar man saki don Salla; kitson shuku ko kalaba ya ishe ta ado, muddin ba a ja shi har goshi ya ɗaure ba.

Saura masu karanta wannan shafi, waɗanda yawancinsu ba su ke zama gaban murhu ba, amma da hannunsu ko da aljihunsu kayan ke shiga gida. Alhaji mai kanti, robar da ka saro takardarta da Ingilishi ko Faransanci take, mai saye kuwa sau da yawa ba ta karanta ko ɗaya. Minti biyu na bayani ba zai rage maka riba ba. Dubi ranar lalacewa, dubi lambar hukumar NAFDAC idan kayan Najeriya ne, kada ka raba man da sabulunsa don sayar da kowanne daban, kada kuma ka ɗura shi a ƙullin leda marar suna. Ƙarfen gwanjo da aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin 110 ba ya zama lafiya da 220 ta Nijar, sai in an rubuta a jikinsa cewa yana ɗaukar duka biyun. Araha ba ta ado, kuma a gari kamar Bengu, inda kowa ya san kowa, matar da kanta ya ƙone ba za ta manta shagon da ta saya ba. Malam ma'aikaci, kai da ka yi boko, karanta wa iyalinka takardar nan kafin a buɗe roba, ka riƙe agogo in ta kama. In tsautsayi ya faɗa, a zuba ruwa mai sanyi a wurin minti 15 zuwa 20, ban da man goge haƙori, ban da toka. In ya shiga ido ko fata ta saluɓe, a nufi likita ba tare da jiran gari ya waye ba.

Ba wanda ya ce iya haɓa laifi ne. Ga macen da bakin gashinta ya riga ya kakkarye, shi ne ma yanka mafi hikima: a zubar da mataccen, a daidaita sauran, a koma ga karkashi da man kaɗe har sabo ya fito. Abin da ake gudu shi ne haɗa wuta biyu cikin kwana biyu saboda an makara. Salla ba ta zuwa ba zato. Mai son kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai ta fara shiri tun azumi yana tsakiya. Allah ya kai rai sati mai zuwa.