Sharhi: Ziyarar Gida Ta Fi Cire Haƙori Araha

Sharhinmu na yau a kan haƙoran ƙananan yara ne: nawa ake kashewa bayan sun ruɓe, kuma nawa za a kashe don kada su ruɓe.

A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran yarinta. Amma sau da yawa in aka nuna wa iyaye baƙin rami a haƙorin ɗansu, sai su ce, "Ai zai yi famfara, wani ya fito." Gaskiya ne zai yi famfara, amma yaushe? Haƙorin farko yakan ɓullo ne wajen wata 6, haƙoran tauna na ciki kuwa ba sa faɗuwa sai yaro ya doshi shekara 12. A tsakanin nan, yaron da haƙori ke yi wa zogi ba ya tauna abinci, ba ya barci, ba ya fahimtar karatu, uwarsa ma ba ta runtsawa.

Dalilin ruɓewar sananne ne. Ƙwayoyin cuta da ke cikin baki suna cin sukari, su fitar da tsami, tsamin ya zaizaye haƙori. Alewa, biskit, lemon kwalba da shayi mai zaƙi a fida, musamman in yaro ya yi barci da ita a baki, su ne abincinsu. Duk wannan a cikin gida yake faruwa, tun kafin yaro ya taɓa ganin likitan haƙori. Shi ya sa wasu masana suka ce, to, a kai wa uwa ilimin har ɗakinta.

An gwada haka a birnin Lids na Ingila. Ma'aikatan lafiya sun riƙa zuwa gidajen iyaye mata a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, tun jariransu suna da wata 8, har tsawon shekara 3. Ba su je da na'ura ba. Zama suka yi da uwa, suna nuna mata yadda ake goge baki da yadda ake rage zaƙi. Da aka duba yaran, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ba a ziyarta ba haƙoransu sun ruɓe, alhali cikin waɗanda aka ziyarta da ƙyar aka samu mai rami. A jihar Kuyinslan ta Ostareliya kuma an kwatanta ziyarar gida da kiran waya. Ziyarar ta fi tasiri, amma da aka buga lissafi, kowace cikin biyun ta fi zaman jira har yaro ya zo asibiti araha.

Asirin lissafin shi ne tsadar magani. Yaro ɗan shekara 3 ba ya yarda ya buɗe baki a yi masa aiki, don haka sau da yawa sai an sa shi barci a ɗakin tiyata kafin a cire haƙoran. A Ingila, ruɓewar haƙori ce kan gaba wajen kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibiti. Kuɗin tiyata guda zai ɗauki nauyin ziyarar gidaje masu yawa. Yankin Sikotlan ya gane haka, ya kafa shirin Childsmile a 2006, wanda ya haɗa goge baki a makarantun reno da tura ma'aikata gidajen mabuƙata. A 2003, kashi 45 cikin 100 na yaransu 'yan shekara 5 ne ba a ga ruɓewa a bakinsu ba. Zuwa 2018 adadin ya haura kashi 70.

Wani zai ce wannan lissafin ƙasashen da gwamnati ke biyan kuɗin magani ne. Haka ne. A wajenmu aljihun uba ne ke biya: kuɗin mota zuwa birni inda likitan haƙori yake, kuɗin kati, kuɗin magani, ga yinin sana'a da ya salwanta. Wanda ba shi da hali kuwa, ɗansa ne ke biya da azaba. Ke nan mu muka fi kowa buƙatar hanya mai araha.

Kuma hanyar tana hannunmu. Matan da suka bi gida-gida har aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar shan inna ta asali a 2020, da masu rabon maganin zazzaɓin cizon sauro da damina, da jami'an lafiyar al'umma na shirin CHIPS da aka ƙaddamar a 2018, duk sun riga sun san ƙofar gidajenmu, matan gida kuma sun saba da su. Abin da ya rage a koya musu ɗaga leɓen yaro su duba. Farin tabo a gindin haƙori kusa da dasashi shi ne alamar farko, kuma a wannan mataki ana iya tsayar da ruɓewar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan dubawa za ta kuma taimaka wajen gano gyambon dasashi da wuri, irin wanda ke rikiɗewa ya zama cutar noma, wadda har asibiti guda aka keɓe mata a Sakkwato.

Ba kyauta za a yi aikin ba. Yana buƙatar horo, alawus a kan lokaci, da buroshi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, wanda tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna na dole. Muna kira ga hukumomin lafiya a matakin farko na jihohinmu su sa wannan a kasafinsu, su kuma riƙa ƙirga yaran da aka duba, don a san ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Ku kuma iyaye, kada ku jira ziyarar. Daga ranar da haƙori ya fito, a goge shi safe da dare da man goge baki kamar ƙwayar shinkafa, kuma kada yaro ya kwanta da zaƙi a bakinsa.