Kowa da tawul nasa, kowa da maratayinsa

A cikin rangadin da muke yi na makarantun yaƙi da jahilci, daga Sae Sabuwa zuwa ƙauyukan Gidan Rumji, Agiye da Gazawa, muna kwana a gidajen mutane. Akwai abin da muke gani kusan ko'ina. Makewayi ƙarami ne, taku uku ko huɗu. A kan darni an yarɓa tawul guda ɗaya ko tsohon zane. Da shi maigida yake goge jiki, da shi uwargida take goge fuskar yara, da shi baƙo zai goge. Ba ya bushewa. Wani lokaci iska ta kayar da shi cikin ruwan wanka, a ɗauka a karkaɗe a mayar.

Idan muka yi magana, sai a ce mana: "Malam, ina wurin yake?" Mu kuwa ra'ayinmu shi ne, ƙanƙantar makewayi ba hujja ba ce. Ƙasa ce ta yi kaɗan, sama tana nan ba a yi komi da ita ba.

Me ya sa muka damu? Saboda idanun ƴaƴanmu. Amodari ciwon ido ne da ya daɗe yana wahal da jihar Maraɗi. Ƙwayar cutar tana cikin ƙwantsa da majina. Tana bin hannu, tana bin ƙuda, tana bin tsumman da aka goge fuska da shi. Yaro guda mai ciwo ya goge, ƙannensa su goge, ciwo ya game gida. Idan yana dawowa shekara da shekaru, cikin fatar ido yana yin tabo, gashin ido ya juya ciki yana kartar ido, har gani ya tafi. Mata sun fi maza kamuwa da wannan makanta, domin su ne kullum tare da yara. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke shawarar kawar da makantar amodari. Daga baya an raba magani a garuruwanmu, an yi wa mutane aiki a ido, an gina salga. Amma likita ba zai shiga makewayinmu ya raba mana tawul ba. Wannan aikinmu ne.

Ba amodari kaɗai ba. Ƙazuwa da makero su ma suna bin tufafin da ake haɗawa. Jiƙaƙƙen tsumma da aka dunƙule shi ne yake wari, shi ne ƙuda yake so.

Ga yadda za mu gyara, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Na ɗaya, idan makewayin na kara ne ko na zana, ba zai riƙe ƙusa ba. Mu kafa gwafa biyu, mu gitta sanda a kai, daidai tsawon kafaɗar babban mutum. Reshen da muka sare lokacin sassabe ya isa, ba sai an kayar da itace ba. A bare ɓawon, a goge sandar don kada ta yaga tufa.

Na biyu, idan katangar ƙasa ce, mu kafa ƴan turaku na icce a jikinta, ko ƙusoshi daga wurin maƙeri. A bar tazarar taƙi biyu tsakaninsu, don tawul ɗin wani kada ya taɓa na wani. Idan jeri guda bai isa ba, a yi biyu: na manya a sama, na yara a ƙasa inda hannunsu yake kai, amma kada tufa ta taɓa ƙasa.

Na uku, maratayi ya kasance nesa da bakin salga, can ɓangaren da ruwan wanka ba ya fantsama. Salga kuma a rufe ta da murfi. Kashin yara a zuba shi ciki, domin ƙudan da yake sauka a ido cikin kashin da aka bari a fili yake haihuwa.

Na huɗu, maratayi wurin ajiya ne lokacin wanka. Da an gama, kowa ya fito da nasa ya shanya a igiya cikin tsakar gida. Igiyar kaba ta wadatar. A baza shi sosai rana ta buge shi, a ɗaure igiyar sama yadda akuya ba za ta kai ba. Da damina a ja wata igiya a ƙarƙashin rumfa.

Wani zai ce: "Mu goma sha biyu ne a gida, da me zan sayi tawul goma sha biyu?" Gaskiya ne, kuɗin aya da na gujiya suna da hidimomi da yawa. Amma ba dole sai tawul na kanti ba. Tsohon zane mai tsabta, a yanka shi huɗu, a dalmashe baki, yara huɗu sun samu. A wanke da sabulu sau biyu a mako. Wanda yake ciwon ido ko ƙazuwa, a wanke nasa dabam da ruwan zafi, a kai shi gidan likita.

Ta yaya kowa zai gane nasa? Nan karatunmu zai yi amfani. Mu da muka koyi baƙaƙe, mu rubuta harafin farko na sunan kowa a saman turkensa da gawayi ko alli. Uwargida ta ɗinka harafin da zare a bakin tsumman. Yaro ya san nasa, ya kuma koyi harafin sunansa tun bai shiga lakkol ba.

Maigida, kai ne mai gatari da igiya. Aikin bai kai na yamma guda ba. Rigakafi ya fi magani. Idan mun dawo rangadi, muna fatan mu ga turaku a jere, kowane da harafinsa.