Wasiƙa a Buɗe ga Masu Binciken Ilimi da Suka Bi Hanyar Finominolojin Tawili

Zuwa ga malamai da ɗaliban digiri na biyu da na uku a tsangayoyin ilimi.

Finominoloji, wato nazarin yadda abu yake bayyana ga mutum a daidai lokacin da yake cikinsa, ya kafu ne a hannun Edmund Husserl, wanda ya buƙaci mai nazari ya jingine zatonsa kafin ya fuskanci abin da yake dubawa. Martin Heidegger a littafinsa na 1927, da ɗalibinsa Hans-Georg Gadamer a nasa na 1960, suka ce jinginewar ba ta taɓa cika, tun da mutum da harshensa da tarihinsa yake fahimta, saboda haka kowane bayani tawili ne, wato ciro ma'ana. Max van Manen na Jami'ar Alberta a Kanada ya shimfiɗa wa masu binciken ilimi wannan hanya ta finominolojin tawili a littafinsa na 1990.

A bincike irin wannan, a wurin hira aikin ya fi lalacewa. Malamar firamare da aka tambayi ra'ayinta kan cunkoson aji za ta maimaita abin da ta saba ji a taron ƙara wa juna sani, kuma kunya da kara za su hana ta faɗin abin da take ganin zai zubar da mutuncin makarantarta a gaban baƙo. Abin da ya kamata mai bincike ya nema shi ne labarin safiya guda: inda ta tsaya da ta rasa hanyar ratsawa zuwa bayan aji, yadda muryarta ta dishe kafin tara, yadda darasin ya yi mata tsawo, da yaron da ya ɗaga hannu amma sunansa ya ɓace mata. A cikin irin wannan labari ne ake samun fuskoki huɗu da van Manen ya ware, wato wuri da jiki da lokaci da hulɗa da mutane, kuma labarin ba ya fitowa sai ga wanda ya iya yin shiru yana saurare.

Bayan hira sai karatu na kai-kawo, wanda ake kira da'irar tawili: jimla ɗaya tana haska dukan labarin, labarin kuma yana sauya ma'anar jimlar, sai a koma a sake karantawa. Manhaja irin NVivo tana iya tara maganganu masu kama da juna, amma tawilin aikin mai bincike ne, kuma a cikin rubutu da sake rubutu yake nuna. Wajibi ne ya bayyana zatonsa a fili, musamman idan shi ma ya taɓa riƙe alli, domin mai karatu ya san daga inda yake kallo. Idan da Hausa aka yi hirar, da Hausa ya dace a yi nazarinta, a jinkirta juyawa zuwa Turanci sai an zo rubuta kundin, kuma a ajiye asalin maganar kusa da fassararta.