Kuɗin Hanya da Haƙƙin Tambaya

Duk wanda ya san ƙasar Adar, ya kuma ga yadda kwarin Magiya yake batsewa da ruwa idan damina ta kankama, ba ya bukatar a gaya masa matsayin hanya a rayuwar mutanen Karofane da maƙwabtansu na Buza da Keita da Madawa. Domin albasar da manomi ya sha wahalarta wata da watanni, ya yi mata ban ruwa safe da maraice, ya cire ya shanya ya ɗura a buhu, ba ta zama kuɗi sai ta isa bakin kwalta, haka kuma mai naƙudar da haihuwa ta gardame mata ba ta da wata dabara, bayan ikon Allah, face a sami motar da za ta kai ta asibitin Madawa ko na Galmi kafin lokaci ya ƙure. Wannan ya sa da wuya a yi taron siyasa a yankin nan a watse ba a ambaci hanya ba. Amma abin da na lura da shi, kuma shi ne maƙasudin rubutuna na wannan mako, shi ne mun ƙware wajen roƙon a yi mana hanya, mun ƙware wajen kiɗa da guɗa ranar da manya suka zo aza harsashi, sa'an nan muka yi sakaci da babban haƙƙinmu, watau haƙƙin tambayar nawa aka tara, nawa aka kashe, wa aka ba aikin, kuma wa za a riƙe idan aikin ya lalace.

Na kira shi haƙƙi domin kuɗin namu ne. Kowane direba da ya tsaya a shingen karɓar kuɗin hanya a bakin gari yakan miƙa abin da aka yanka masa ya karɓi ƴar takarda, kuma a haƙiƙa fasinja da mai buhun albasa su ne suka biya. Haka nan a cikin farashin man da aka saya a gidan mai akwai kason da aka keɓe domin gyaran hanyoyi. Tun shekarar 1999 gwamnatin Nijar ta kafa asusu na musamman domin wannan kuɗi, wanda aka sani da CAFER, a shekarar 2017 kuma aka sake masa tsari da suna ya koma FER. Daga bisani aka kafa hukumar AMODER mai ba da kwangilar gyara da lura da aikin, tare da wani sashe na masu bin diddigi. Hikimar rarraba aikin a fili take, kuma abin yabo ce, domin bai dace mai riƙe da jaka ya zama shi ne mai sayayya, shi ne kuma mai shaidar cewa kaya sun iso ba. Sai dai waɗannan hukumomi mazauninsu Yamai, rahotanninsu da Faransanci, suna yawo daga wannan ofis zuwa wancan, alhali ramin da yake fasa taya yana nan a ƙauye, kuma mutumin da ya fi kowa sanin ranar da aka cike ramin da ranar da ya sake buɗewa shi ne wanda ba a neman shaidarsa.

Kada wani ya zaci wannan magana baƙuwa ce da muka aro daga Turawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin risalarsa Usulus Siyasa wadda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gina gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi a cikin wajiban shugaba, a jere ɗaya da sauran maslahohin ra'iyya. Kuma malaman da suka yi bayanin aikin muhtasibi ba su tsayar da shi ga mudu da sikeli kaɗai ba, sun haɗa masa da hana cutar da hanyar jama'a, da hana ɗora wa dabba ko jirgin ruwa kayan da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya fito daga baitulmali amana ne, amana kuwa ba ta cika sai da muhasaba, wadda sharaɗinta shi ne mai dukiya ya ji lissafin da kunnensa, cikin harshen da yake fahimta.

In mai karatu yana son ganin abin da rashin muhasaba yake haifarwa, to ya dubi dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso. A watan Afrilu na 2014 aka yi gagarumin biki a Yamai, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya gayyato takwarorinsa na Benin da Togo, aka buɗe tashar jirgin ƙasa, aka shelanta cewa burin da aka daɗe ana ci tun zamanin mulkin Faransa, na haɗa Nijar da bakin teku a Kwatano, ya kusa cika. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shiga shimfiɗa ƙarfe cikin gaggawa, kuma abin al'ajabi, yarjejeniyar da ta damƙa masa aikin ba a sa mata hannu ba sai a watan Agusta na 2015, bayan aiki ya riga ya yi nisa. A can Benin kuwa wani attajirin ƙasar, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya kai ƙara yana da'awar cewa shi aka riga aka ba wannan aiki. Kotu ta ba shi gaskiya a ƙarshen 2015, Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da hukuncin a 2017. Da haka aka wayi gari da ƙarfe mai tsawon kimanin kilomita 140, wanda aka yi bikin buɗewa a watan Janairu na 2016, ana saura ƴan makonni zaɓe, ya tashi daga Yamai ya tsaya a Doso, alhali dogon Benin ya tsaya a Faraku tun shekarun 1930, kuma tsakanin garuruwan biyu ɗaruruwan kilomita ne babu ko guntun ƙarfe. Shekaru suka shuɗe, jirgin bai kai buhun albasa ko ɗaya bakin teku ba.

Ba na tuhumar kowa da sata a wannan aiki, domin tuhuma tana bukatar hujja; abin da nake son nunawa ma shi ne ɓarna tana iya aukuwa ko da ba a taɓa ko dala ba. Tambayoyin da suka wajaba masu sauƙi ne, ɗalibin makaranta ma zai iya yin su: me ya sa aka fara daga bakin da ba ya haɗe da teku, me ya sa aka fara kafin a ƙulla yarjejeniya, kuma an warware da'awar wancan attajiri ko kuwa an rufe ido ne? A lokacin akwai Majalisar Dokoki, akwai Kotun Ƙididdiga, akwai hukumar HALCIA mai yaƙi da cin hanci wadda aka kafa a 2011, akwai jaridu. Amma wanda duk ya ɗaga murya sai a jefa maganarsa a kwandon hamayya, kamar dai tambaya ƙiyayya ce. Wannan ɗabi'a, ta mayar da mai tambaya maƙiyi, ta girmi gwamnatin da ta yi dogon, kuma ban ga alamar ta tafi tare da ita ba.

Mu a jihar Tawa muna da namu misalin a ƙofar gida, watau hanyar Tawa zuwa Arlit ta kan Agadas, mai tsawon fiye da kilomita 600, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar yuraniyom, ta kuma lalace har ta zama abin ba da labari a bakin matafiya. A watan Mayu na 2014, cikin yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da kamfanin Areva mai haƙar yuraniyom, kamfanin ya yi alkawarin ba da yuro miliyan 90, kimanin sefa biliyan 59, domin gyaranta. An sanar da alkawarin da babbar murya a rediyo. Da an sanar da yadda aka kashe kuɗin da irin wannan murya, kilomita bayan kilomita, da direban da yake kwana a wannan hanya wajen Abalak ya san wanda zai gode wa da wanda zai zarga.

Adalci kuma ya wajabta mini in juyo kanmu, domin ba dukan laifin ne yake a Yamai ba. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da sefa, wadda Nijar take cikinta har yanzu, ta zartar da doka tun watan Disamba na 2005 cewa kada nauyin da yake kan gatari ɗaya na babbar mota ya wuce tan 11.5, ko tan 12 idan mai tagwayen tayoyi ne, kuma dalilin haka sananne ne ga injiniyoyi tun gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950: idan aka ninka nauyin gatari sau biyu, illar da yake yi wa kwalta takan ninku kusan sau 16. To, wa yake lafta wa mota albasa a Galmi da Madawa har ta rinƙa tangaɗi a kan hanyar Kumasi da Abijan? Ƴan'uwanmu ne, ƴan kasuwa da masu motoci, kuma uzurinsu ba na banza ba ne, tun da sukan ce abin da ake tatsa a hannunsu a shingaye, da kwanakin da albasa take ruɓewa ana jira, ba sa barin riba sai an yi lodi fiye da kima. Ga shi an ƙulla zobe: mai shinge ya karɓi na goro ya kau da kai, mai mota ya ƙara lodi domin ya mayar da abin da ya bayar, kwaltar da aka tsara ta shekara 15 ko 20 ta farfashe tun ba a gama biyan bashinta ba, sa'an nan a koma a ci wani bashin. Sikelin awon mota ba shi da amfani matuƙar ba a sauke kayan da ya wuce ƙa'ida, kuma ba a bayyana nawa aka ci tara da inda tarar ta shiga.

Yau kuwa nauyin ya ƙaru a kan masu mulki, ko sun so ko sun ƙi. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu zaɓaɓɓiyar Majalisar Dokoki, kuma a watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Watau kansilan da talakan Karofane yake iya tarewa a kasuwa ya tambaye shi zancen kwalbatin da ruwa ya tafi da shi ba ya nan. Gaskiya ne an kafa hukumar COLDEFF a watan Satumba na 2023 domin ƙwato dukiyar ƙasa daga waɗanda suka ci, kuma jama'a sun yi maraba da ita. Amma ƙwato kuɗi bayan gada ta rushe ba ya mayar da gadar a daminar da ake bukatarta, kuma mai binciken da yake duba na jiya kaɗai ya bar na yau ba mai tsaro. Na san za a ce ƙasa tana cikin yaƙi, ba kowane sirri ake tonawa ba, kuma na yarda da haka a sha'anin makamai da tafiyar askarawa. Amma farashin tifa ɗaya ta tsakuwa a hanyar Keita ba ya cikin asiran yaƙi.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar sabuwar hukuma ko sabon bashi. A kowace shekara a liƙa takarda a ofishin ƙaramar hukuma da tashar mota, a kuma karanta ta da Hausa da Tamashek a gidajen rediyon karkara, mai bayyana abin da aka karɓa a shingayen jihar, da abin da aka ware wa kowane yanki na hanyar Madawa zuwa Buza zuwa Keita zuwa Tawa da hanyoyin ƙauyuka masu shiga cikinta, da sunan ɗan kwangila, da ranar farawa da ranar gamawa. Mutanen da iyayensu mata suka ɗauki duwatsu a ka tun daga 1984 a aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da hukumar FAO, suka jera su a kan tsaunuka suka tare zaizayar ƙasa, sun san aikin ƙwarai in sun gan shi, sun kuma san na algus. A ƙa'idar kwangilar gwamnati, bayan an karɓi aiki karɓar farko akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, har zuwa kashi 5 cikin 100, galibi tsawon shekara guda, domin ya gyara duk abin da ya ɓaci kafin a yi karɓar ƙarshe. Wannan shekara ta jiran karɓar ƙarshe ita ce damar talaka, da ya san da ita. Sai a sanar da ranar da za ta cika tun da wuri, kuma kada wani jami'i ya sa hannu a takardar sallama sai damina ta bi ta kan aikin, an kuma zauna da hakimi da masu gari da ƙungiyar direbobin da suke bin hanyar, an rubuta abin da suka gani.