Hitar Bokiti Ta Lalace: A Sake Saye Ko A Haƙura?

'Yan'uwa, hunturu ya shigo, kowa yana son ruwan ɗumi. A gidajen da ke da lantarki, hitar nan da ake tsomawa cikin bokiti ita ce abin dogaro. Idan ta lalace, wasu sukan naɗe wayar da leda su ci gaba. Kada ku yi haka. Wutarmu bolt 220 ce, kuma jiƙaƙƙen hannu ba ya tare ta. Na taɓa wanke hannun wata yarinya da ta tsoma yatsa don ta ji ko ruwa ya yi, hita tana jone. Allah ya kiyaye, ta rayu.

Kafin ka sayi sabuwa, maigida, yi lissafi. Hita mai wat 1000 takan ci kusan minti 30 kafin ta ɗumama lita 20, kullum kuɗin wuta yana hawa. Ƙaramin farantin sola na cajin waya ba zai ɗauke ta ba. Idan wayoyin gidanka tsofaffi ne, sai ka ƙara da kuɗin mai gyara. Mai arha ta kasuwa kuwa, jaka ɗayan da ka rage ba za ta biya magani da bandeji na mako guda ba.

Ni a ganina, gida mai ƙananan yara ya haƙura da ita. A cika baƙar jarka, a ajiye a rana tun hantsi. Zuwa la'asar ta isa wankan yara. Na asuba a ɗora tukunya. Wanda ya ce sai hita, to ya cire ta daga soket kafin kowa ya taɓa ruwan, uwa kuma ta gwada da gwiwar hannu kafin ta sa jariri.